Hure Ta Je Neman Aina'u

Hure matar Malam Ja'afaru ce, a wani ƙauye gabas da Makoda. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi tun tana amarya, kuma da sana'ar ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki.

Bayan girbin bara waccan, tana wanka ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, mai tauri kamar ƙwallon dabino. Ba ya ciwo, wannan ma ya fi ba ta tsoro. Ta ja bakinta ta yi shiru har fatar wurin ta fara lotsawa, sannan ta gaya wa babbar 'yarta Tahira. A asibitin birni aka ɗebi ɗan nama aka auna. Likita ta ce ciwon daji ne, sai an cire maman.

Malam Ja'afaru ya ce bai yarda ba. "Daji ba ya son ƙarfe. Luba maƙwabciyarmu da ƙafarta ta tafi asibiti, gawarta aka dawo da ita."

"Baba, ai sai da ciwon nata ya fashe aka kai ta," in ji Tahira.

A lokacin akwai wani mai magani da ke zuwa kasuwa da mota da lasifika. Yakan saka muryar wata mata tana cewa, "Ni ce Aina'u daga Shanono. Likitoci sun ce a yanka ni, na sha wannan magani, ga ni garau." Malam Ja'afaru ya sayo jarka guda. Hure ta yi ta sha tana amai. Wata safiyar sai ta ji kamar ƙullutun ya ragu, washegari ta ji yana nan daram.

"Ga Aina'u ta ba da shaida da bakinta, me kuma kuke nema?" in ji Malam.

Tahira ta ce, "Waɗanda suka sha ba su tashi ba fa, Baba? Wa ya ɗauki muryarsu?"

Maganar ta tsaya wa Hure a rai. Ta roƙi Malam ya bar ta ta je ta ga Aina'u da idonta. Ya yarda, don yana ganin hakan zai kashe gardamar.

Ita da Tahira suka hau mota zuwa Shanono. Da tambaya suka sami gidan. Wata tsohuwa na sussukar gero a tsakar gida, ta ajiye taɓarya ta shimfiɗa musu tabarma. Da suka faɗi wadda suke nema, sai ta dube su.

"Aina'u 'yata? Ai ta rasu tun farkon damina."

Hure ta ce, "Inna, jiya-jiya na ji muryarta a kasuwa."

"An ɗauka ne lokacin da kumburin ya ɗan sauka. Daga baya ya dawo, ya bi ta har ƙashin baya. Amma ni ban ga laifin maganin ba, 'yar nan. Kwana ne ya ƙare."

Har suka iso gida hannun Hure na kan ƙirjinta. Da ta ba Malam labari sai ya ce, "Asibitin ma ana mutuwa." Amma da gari ya waye shi ya ɗauke ta a babur ya kai ta tasha.

Da ta isa asibitin birni ta tambayi likitar, "Idan aka yanka zan warke?"

"Ba zan yi miki alkawari ba, Inna. Da yawa cikin waɗanda suka zo da wuri suna nan da ransu. Ke kin ɗan makara, amma za mu yi iya ƙoƙarinmu."

Aka yi aikin. Maganin da ake sa mata ta ƙarin ruwa ya zubar mata da gashi, ƙamshin tuyar gyaɗa ya koma tayar mata da zuciya, dole ta bar wa Tahira kaskon. Ta yi ƙiba kaɗan da rani, har ta je biki.

A zuwansu na watan jiya likitar ta taɓa hammatarta, ta sake taɓawa, ta ce ta ji wani ƙullutu, a ɗebi nama a auna. Yanzu sakamako suke jira. Duk sanda wayar Tahira ta yi ƙara, Hure kan ajiye abin da ke hannunta ta zuba mata ido.