Bututun da ke Gindin Rafi

A shekarun da na fara zama a Lugbe, ba a shan ruwan famfo sai an tara shi a bokiti ya kwanta, jar laka ta sauka ƙasa. Yau jikokina kafa baki suke yi a famfon su sha. Amma duk sanda na tuna yadda aka yi gyaran, sai in ji zama ya gagare ni.

Tsohon bututun ƙarfe ne ke kawo mana ruwa, ya ratsa rafin da ke bayan unguwarmu, kwance a gindinsa. Tsatsa ta cinye shi. Idan an ɗauke ruwa ya zuƙi laka, idan an kawo ya yi ta tsiyaya a cikin rafin. Ni da na sha ruwan famfo a Jidda da Alƙahira, na zauna a Holan inda babu mai tace ruwa da ƙyalle, abin ya hana ni sukuni. Na rubuta takardar koke, na sake rubutawa, na yi ta sintiri ofis-ofis har masu gadi suka san hulata.

A bakin rafin akwai wani dattijo, ɗan asalin wurin tun kafin birni ya iso, mai lambun alayyafo da tumatir da yalo. Da lambun yake ciyar da gidansa idan rani ya yi. Wajensa nake sayen ganye, mu ɗan taɓa hira.

Daga ƙarshe aka amince za a sauya bututun, aka turo injiniya. Ranar da aka kawo injin aikin na kasa zaman gida. Injiniyan ya bayyana mini cewa ba za a tone rafin ba. Injin zai tsaya a wannan gaɓa ya riƙa tura sandunan ƙarfe a karkace, wani ɗaure da wani, su bi ta ƙarƙashin rafin su ɓullo a waccan gaɓa. Wani ma'aikaci yana tafe a sama da na'ura a hannu, yana faɗa wa mai sarrafa injin inda bakin sandunan ya kai. Daga nan a faɗaɗa ramin, a jawo sabon bututun roba ta ciki. Na taɓa ganin irin haka a Holan, na kuwa gaya masa har sau biyu.

Na gangara da sauri in yi wa dattijon albishir. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ko fangali ɗaya ba za a taka masa ba, aikin duk ta ƙasa zai wuce. Bai ɗago daga ban ruwan da yake yi ba. Ya tambaye ni ko sabon zai riƙa yoyo. Na ce ko ɗigo.

"To Alhaji, ka san yadda rafin nan yake da rani kafin a sa bututu?"

Na ce lokacin ban zo ba.

"Ni ina nan," in ji shi. "Yashi ne."

Na koma wajen injiniyan, na roƙe shi a bar ɗan famfo a bakin lambun. Ya yi murmushi, ya ce, "Baba, ai ku kuka rubuta a toshe." Ya ƙara da cewa wannan ba a hannunsa yake ba, sai dai in sake rubutawa ofis. Na rubuta. Na koma wajen masu gadin nan, suka yi ta mamakin me kuma nake nema. Kwanakin aikin duk na yi su ne ina kai da kawowa tsakanin gaɓa biyu, in kalli sanduna suna shigewa ƙasa, in leƙa lambun.

Aka haɗa sabon bututun, aka rufe tsohon. Ruwan rafin ya koma 'yan kududdufai, daga baya suka ƙafe. Dattijon ya haƙa rami a yashi, ya yi ta ɗiba da ƙwarya har shi ma ya daina tsattsafowa. Ban ji ya zarge ni ba ko sau ɗaya. Da tumatirin ya bushe, ya kwashe iyalinsa suka koma wajen danginsa a Kwali.

Tun daga wannan lokaci, da damina kaɗai rafin ke gudu, kuma babu wanda ya sake yin lambu a bakinsa.