Katakon da Bai Sha Tawada Ba

Har gobe warin kananzir ba ya barina in zauna lafiya. Da na ji shi sai zauren Kawu ya faɗo mini a rai, can cikin birni ta wajen Ƙofar Doka, inda yake wanke tawadar hannunsa da shi.

Kawu gwani ne, wallahi ba don ƙanin mahaifiyata ba ne nake faɗa. Hoto yake sassaƙawa a jikin katako, ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya bi bayanta da gindin cokali yana murzawa. In ya ɗaga, sai ka ga mutane da namun daji sun fito raɗau. Har daga Legas ake zuwa saye. Amma duk abin da ya sassaƙa daga bakin Kaka ya ɗauko shi, tatsuniyoyin da ta rene su da su. Ita kuwa idonta ya tafi tun kafin ya yi suna, ko ɗaya ba ta taɓa gani ba. Abin nan ya hana shi sakat. Yabon duniya bai dame shi ba, nata yake nema.

Wata damina ya gama hoton yarinyar da ta ba wata tsohuwa ruwa a bakin rijiya. Takarda ba ta da abin gaya wa makauniya, sai ya kai mata katakon ta shafa. Yatsunta suka bi ɗankwali, suka bi kafaɗa, suka sauka kan ƙwaryar, sai suka tsaya cak.

"Kai! Da hagu take miƙa wa babba ruwa? Ni na koya maka haka?"

"Inna, a katako ne kawai. In an buga juyewa yake yi, dama ce ke fitowa."

"To, ni takardar nake gani?" Ta ture katakon. "Wannan ba yarinyata ba ce."

Kawu ya kasa zaune ya kasa tsaye. Abinci ma sai an yi da gaske. Ya yi ta kai-kawo tsakanin zaure da ƙofar ɗakinta, ruwa na dukansa, mu yara muna ƙunshe dariya. Ƙarshe ya ɗauko sabon katako ya sake aikin tun daga farko, ƙwarya a hannun dama, alhali ya san wannan ba zai taɓa bugawa ba.

Kaka ta shafa, ta sake shafawa. "Yauwa, yanzu ta yi hankali. Allah ya yi maka albarka." Ƙaton mutum da gemunsa, ya juya mana baya yana share ido.

Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, zauren ma ya zama shagon cajin waya. Katakon nan na biyu yana wurina. Masu shirin baje kolin ayyukan Kawu sun ishe ni da kira, wai a buga shi ko sau ɗaya ne duniya ta gani. Raina yana so, ba zan ɓoye maka ba, don ya fi duk sauran kyau. Nakan ɗauko shi in mayar, in sake ɗaukowa. Amma in na yarda, yarinyar Kaka za ta fito gaban jama'a tana miƙa ruwa da hagu.

Jiya ma sun kira. Na ce musu su zo su shafa.