Delmer da Furen da Ya Ƙi Saukowa

In aka ce masu wayon kwarinmu na gabashin Kentucky su yi layi, ɗan kawuna Delmer Sizemore ba zai rasa wuri ba, sai dai wurin nasa can baya ne, gab da alfadarinsa. Taubashina ne, don haka duk abin da na faɗa a kansa na ci bulus.

Lokacin da yake neman Ozella, ta ce ita ba za ta zauna a kwarin da rana ba ta leƙowa sai da hantsi ba. Sai gogan naku ya yi rantsuwa zai dasa mata bishiyar da ake kira fofula a bakin taga, duk watan Mayu ta riƙa buɗe ido da furen nan mai kama da ɗan kofi, kore-kore da ratsin ruwan lemo a gindi. Da wannan ya sayo ta. Wasu da mota suke aure, shi da alkawarin fure.

Gaskiya ɗaya, ya iya reno. A farkon bazara ya tono 'yar bishiyar daga bakin rafi har da ƙasarta, yana tallabe da ita kamar jaririn da ba a yanke wa cibiya ba, wai saiwarta taushi gare ta, ba ta son wulaƙanci. Ya lulluɓe gindin da busasshen ganye. Ya hana kowa kai fartanya kusa. In aka yi fari ta fara zubar da ganye rawaya tun kaka ba ta yi ba, sai ka gan shi yana jido ruwa daga rafi yana ba ta haƙuri. 'Ya'yansa huɗu, ban taɓa jin ya tambayi ɗayansu ko yana jin ƙishirwa ba.

To amma mu jikokin masu yankan katako ne, kuma a danginmu namiji ya fi jure mutuwar saniya a kan ya ga ƙullin reshe a jikin gungume. Da reshe ya leƙo daga ƙasa, Delmer ya sa zarto. Wani ya leƙo, ya sa tsani ya sa zarto. Ita kuwa fofula dama ba ta da aiki sai tsere da gajimare. Ta miƙe sak, santal, ba reshe ko ɗaya sai can inda shaho ke jin jiri. Shi kuma ya riƙa shafa ta yana cewa ranar da ya mutu a sare ta a yi masa akwatin gawa, ya kwanta cikin katakon da ba shi da aibi.

Fofula ba ta fure sai ta kusa shekara ashirin. Ozella ta jira, har gashinta ya yi fari. Da furen ya tashi zuwa, sai ya zo a can ƙololuwa. Ƙudan zuma sun gani, kurege ya gani. Rabon matar gida shi ne ɓawon da kurege ya tauna ya tofar, da ruwan nan mai danƙo da ƙwari ke zubo mata a kan shanya.

Wata safiyar Mayu na biya shan gahawa, na tarar da ita a baranda tana ɓamɓare rigar coci daga jikin igiya.

Na ce, "Matarmu, ina kwana? Yaya lambun fure?"

Ta ce, "Estill, in ba ka da aiki je ka taya ɗan'uwanka kuka. Na gaya wa Arlie mai injin katako. In furen bana ya kaɗe ban gan shi a kan reshensa da idona ba, ya zo ya kwantar da sandar nan."

Delmer ya ce, "Haba Ozella, katakon kabarina fa!"

"To ka yi sauri ka mutu, ku tafi tare."

Nan idon mutumin ya raina fata. Ya ɗaure tsani biyu ya jingina, bai kai ko ƙugun bishiyar ba. Ni kuma, da yake ina ƙaunarsa, na tuna masa yadda muke harbo kauci daga kan itatuwa lokacin Kirsimeti don ado. Na ce reshe ɗaya kawai zai kakkaɓo, ai fure na kan reshensa ke nan. Wallahi wasa nake yi. Kafin in ajiye kofi ya fito da bindigar kawu.

Ya auna, ya rufe ido, ya saki. Reshe bai ko girgiza ba. Abin da ya sauko ruwan tsumman fure ne da gutsattsarin ganye, suka bi danƙon nan suka manne wa fararen zannuwan Ozella tsaf. Ta ɗauki muciya. Delmer, da gemunsa da jikokinsa, ya haye tudun bayan gida da gudun da bai yi ba ko ranar da ramin kwal ya rufta.

A kan tudun nan maƙabartar danginmu take. Ba mai hawa sai ƙarshen Agusta, ranar sharar kaburbura, lokacin fure ya daɗe da kaɗewa. Ozella kuwa ko ranar ba ta hawa, tun da uwar mijinta, Inna Mahala, ta ce burodin masararta ya dace da gyaran katanga, ta kuma mutu ba ta janye ba. Delmer ya laɓe bayan kabarin uwarsa yana haki, ya leƙo ya ga ko ana biye da shi. Sai ya ga kan bishiyarsa a ƙasa da shi, shimfiɗe kamar faifai, fure ya rufe shi ruf.

Ya sauko yana ihu Ozella ta hau ta gani. Ta ce gwiwarta ba ta hawan tudu, balle zuwa wurin tsohuwar nan. Ya shimfiɗa bargo a cikin baro ya ɗora ta. Na rantse sau uku yana tsayawa yana kiran sunan Ubangiji, ita tana zaune da jaka a cinya tana ce masa ya kula da duwatsu. Ni na bi su da kujera, don kada a ce ban taimaka ba.

Da muka isa ta hango furen. Ta daɗe tana kallo, ƙudan zuma na ta kai da kawowa a ƙasanmu. Can ta juya ga kabarin.

"Ashe ke ya dasa wa, Mahala. Kina kwance kina shan kallo, ni ina wankin danƙo. To matsa." Ta dasa kujerarta a gefen dutsen. "Estill, gaya wa Arlie ya sha zamansa. Kai kuma tsoho, a nan za a binne ni, fuskata na kallon can. Wanda ya taɓa bishiyar nan, ko bayan raina, ban yafe ba."

Delmer ya washe baki, sannan maganar ta isa inda za ta isa. "To, akwatina fa?"

"A saka ka a buhu."

Bishiya na nan, ta ƙara tsawo. Duk Mayu in ka ji ƙugin ƙafar baro a bayan gida, Delmer ne ke cika alkawari. Na ba shi shawara ya sa wa ƙafar mai, ya ce shawarata ta ishe shi haka nan.