Daga GRA Zuwa Gwallaga da Kare a Wuya

Shekara talatin da ɗaya Modibbo Bappa ya yi yana yi wa shanu allura a ma'aikatar dabbobi, babu wanda ya taɓa tambayarsa ko ya wanke hannu. Da ya yi ritaya ya koma tsintar karnuka, sai unguwar Gwallaga ta cika da malaman tsarki. Mai shayi ya san hukuncin yawun kare, mai faci ma ya sani.

Karnukan da yake ɗaukowa su ne waɗanda mota ta take, ko mafarauta suka yar bayan sun gurgunce. Ya kafa musu rumfa a bayan gida, kwanukansu daban, rigar da yake shiga wurinsu da ita ma daban. Ƙaramin rauni shi yake ɗinkewa, babba kuwa sai asibitin dabbobi. Bara kuɗin ɗaurin ƙafar wani jan kare da ya raɗa wa suna Baƙo ya lashe ragon layyarsa. Matarsa Dada ta ce ba laifi, tunda Baƙon ya ci rago ai gidan ya yi layya.

In kare ya warke, Modibbo kan nema masa gida. Ba ya karɓar ko sisi, sai sharaɗi ɗaya: zai zo ya duba shi ranar da ya ga dama.

Baƙo ya samu shiga gidan wani tsohon darakta a GRA. Bayan wata uku Modibbo ya je dubiya, ya tarar da shi ɗaure da waya a bayan ɗakin janareta, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, kaska ta cika kunnuwa. Amos mai gadi ya yi ƙasa da murya.

"Baba, oga ya sayi karen Turawa mai takarda. Wannan kuwa ya ce in sayar da shi ga masu keji a babur. Yau bayan azahar za su zo."

Modibbo ya san masu kejin, ya kuma san karen da ya shiga kejinsu ba gadi zai je yi ba. Ya durƙusa ya fara warware wayar. Yana cikin haka sai ga darakta da jarida a hannu.

"Malam Modibbo, ai ka ba ni shi."

"Na ba ka ya yi gadi, ranka ya daɗe. Ban ba ka ya shiga tukunya ba."

"To faɗi kuɗinsa in biya ka."

"Ba ni da kanti."

"In ka fita da shi daga gidan nan, sata ce. 'Yan sanda zan kira."

"A kira su. A rubuta tsoho mai shekara sittin da bakwai ya saci kare gurgu. Gidana ba ya ɓata, maƙwabtana ma za su yi musu jagora da murna."

Darakta ya dubi Amos, Amos ya dubi sama, ƙofa kuma a buɗe take.

A bakin titi masu Keke Napep huɗu suka tsaya, duk huɗun suka ga fasinjan suka ƙara wuta. Na biyar ya ce, "Baba, ko da kuɗin shata ba zan ɗauka ba, da wannan kujerar nake kai mata asibiti."

Baƙo ya taka kamar taku ashirin ya zube. Modibbo ya tuna yadda ake ɗaukar ɗan maraƙi a ruga: ya saɓa shi a wuya, ƙafafun gaba a hannun dama, na baya a hagu. Akwai lungunan da mutum zai bi ba a gan shi ba. Bai bi su ba. Babban titi ya miƙe, da farar hularsa, rana tsaka.

Kusa da kasuwar Wunti wani babur mai keji a baya ya rage gudu a gefensa. Karnuka uku ne a ciki, sun yi shiru.

"Baba, na sayarwa ne? Za mu saya da daraja."

Modibbo ya gyara wa Baƙo zama, ya leƙa kejin da kyau.

"Wannan ya fi ƙarfin aljihunku. Wancan baƙin mai ciwo a ido fa, nawa za ku bar mini shi?"