Waken da ke Cikin Rediyon Kakata

In ka shigo gidanmu ka ɗauki rediyon kakata ka girgiza, ba labarai za ka ji ba, caccakar wake za ka ji. Baƙi kan zaci lalacewa ya yi. Lafiyarsa ƙalau. Hukunci aka yanke masa, kuma a gabana aka yi.

Lokacin ban wuce a aike ni ɗebo wuta ba. Kakata na da 'yar gona a bayan garinmu, can wajen Guci, inda take shuka wani jan wake da ta zo da irinsa daga ɗakin uwarta. Duk yankin ita kaɗai ke da shi. Waken nan malalaci ne na ƙarshe. Gero zai nuna, a girbe, a kai rumbu, ɓeraye su ci rabonsu har su ga jikoki, shi yana nan kore shar yana miƙa. Amma ranar da aka dafa shi, har maƙwabtan da ba ma ga maciji da su sai sun tuna suna da abin aro a gidanmu.

A wajenmu akwai ranar sakin gonaki. Kafin ta, dabbar da ta shiga gona ta yi ɓarna. Daga ita kuwa gona ta zama wurin kiwo, ba ƙara, ba shari'a. A da, in ji kakata, dattawan manoma da na makiyaya ke zagayawa su duba da idonsu. Yanzu taro ake yi a ofis can Magariya ƙarƙashin fanka, rediyon jiha ya sanar.

Shekarar ruwa ya makara, waken ya ƙara makara. Ina tsefe wa kakata kai bayan la'asar mai sanarwa ya ce Juma'a za a saki gonaki, da murya mai zaƙi kamar yana gayyatar ɗaurin aure. Ta miƙe da rabin tsifa ta nufi mai gari ta roƙi a ƙara mata lokaci. Ya ce ai an riga an faɗa a rediyo, kamar mai cewa an riga an rufe kabari.

Muka tsinke 'yan waɗanda suka fara ƙosawa, ba su rufe gindin ƙwarya ba. Juma'a da hantsi shanu suka iso. Na rantse ƙasa ta yi rawa, ƙaho kamar daji ya taso da ƙafafunsa. Har yau ina jin warin ɗanyen ganyen da aka tattake haɗe da kashin shanu mai ɗumi. Abin da ya fi ƙona min rai, garken gidanmu ne a gaba, baffana na biye da sanda, don mu ma masu shanu ne. Kakata ta tsaya ta dube shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, in namu ba su ci ba, na wasu za su ci."

Ranar kasuwa wani ma'aikacin rediyon ya zo kan moto, wato babur, da jaka da makirufo, wai yana jin ra'ayin talakawa. Na ja kakata har gabansa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa yadda kowane ɗan halak ke amsawa. Sannan ta buɗe wuta. Ta faɗi ruwan da ya makara, ta faɗi wake, ta tambaya ko cikin masu zaman fanka akwai wanda ya taɓa murza kwanson wake ya ji ko ya bushe. Mahauta suka ajiye wuƙa, jakuna ma suka kasa kunne. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare.

Ranar shirin rabin gari ya cika tsakar gidanmu. Aka ce an saki gonaki lami lafiya, manoma na murna, ga ma wata dattijuwa daga Guci. Sai muryar kakata: "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Shi ke nan. Aka saki kiɗa.

Gaisuwarta suka yanka suka yi shaida da ita. Ba wanda ya iya dubanta. Ta juya rediyon, ta zare pil, wato batir, ta miƙo min ta ce in sa a cocila. Ta gauraya ɗan irin da muka tsira da shi da toka, ta ɗura a gurbin, ta mayar da murfi. Ta ce tunda bakinsa bai iya riƙe amana ba, a gwada cikinsa.

Yanzu ina kwaleji. Sanarwa ta koma shigowa ta waya, amma har yau ranar daga ƙarƙashin fanka take fitowa. Shukar waken ta dawo ƙuryar gida, baffana ke kewaye ta da ƙaya duk shekara ba tare da an sa shi ba. Malaminmu ya ce da bakin nan nawa aikin rediyo ya dace da ni. In na samu, sai masu sauraro sun yi furfura kafin in yanke wa tsohuwa magana.

Kakata kuwa ta daina yi wa mai jaka saurin amsa gaisuwa. Bara wani ya zo ya ce, "Ina kwana, Iya?" Ta kalli jakar ta ce, "Zauna ka ji duka tukuna, sai kai ka gaya min ko lafiya."