Sandar Waisake a Mashigin Ruwa

Ranar da aka binne yayan Waisake, iskar kudu ta wuni tana kaɗawa da yayyafi. Bisa al'adar tsibirinsu na Kadavu, Waisake ya ɗaura ganyen kwakwa a sanda, ya kafa ta a mashigin ruwan teku. Ba mai kama kifi a nan sai an fita takaba, ranar da za a cire sandar, a kama kifi a ciyar da dangi.

Waisake masunci ne, ya san kifin kawakawa tun yana yaro. Kifi ne mai dabbare-dabbare, mai zaman kaɗaici a ramukan duwatsun murjani na ƙarƙashin teku. Sanyi kaɗai ke tara su a mashigin nan, su zuba ƙwai. Ga shi shekara da shekara raguwa suke yi.

Ranar fitar takaba ta faɗo daidai taruwarsu. Waisake ya nutsa, ya ga cikkunansu cike da ƙwai. Ya fito bai taɓa sandar ba.

Taubashinsa Epeli ya ce, "Kai tsoho, ganyen kwakwa za mu ci da gwaza? Ko kifin surukanka ne?"

Waisake ya ce, "Taubashi, masu juna biyu ne. In mun cinye su yau, jikanka me zai kama?"

Sai ya yanka aladensa, wanda ba shi da wani, aka ciyar da mutane.

Yanzu Waisake ya tsufa, ba ya shiga ruwa. Yana zaune gidan 'yarsa. Sandar tana mashigin, duk sanyi Epeli ke sabunta mata ganye.