Jirgi a Kan Ciyawa

A garinmu, can gefen Yawuri, kogi shi ne hanya. Lokacin sanyi, da an ci tuwo, kakarmu Iya Dije sai ta jawo kujerarta kusa da murhun da ake ƙyafe kifi, mu kewaye ta, hayaƙi yana cin idonmu amma ba mai matsawa. Ba ta da gaggawar magana. Sai ta dubi wuta ta ƙoshi, sannan ta ce, "Ga wata nan ta biyo ruwa." Mu ce, "A jawo ta gaɓa, Iya."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta mutumin da ya sayi tsohon jirgi, na maɗaci, mai kyau. Ya sa aka ɗauko shi a ka zuwa mashayar gabas, aka ce masa akwai kada. Ya juya yamma, aka ce dorina ta haihu a wurin. Ya gangara kudu, ya ga ruwa yana gudu, ransa bai kwanta ba. Sai ya kife jirgin a gindin tsamiya, ya ce sai ya sami mashayar da ba ta da aibi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ana nan, wata shekara kogi ya cika ya batse, ya zo masa har ƙofar gida. Kowa ya zuba iyalinsa a jirginsa mai faci ya tsira. Shi kuwa ya kama nasa zai juya, ya rugurguje a hannunsa kamar garin tuwo. Gara ta cinye cikin, ta bar masa siffa.

Mu ce, "Ya mutu, Iya?" Ta ce, "Ku tura icen nan." Ba ta taɓa ba mu amsa ba.

Yau ni ce kakar. Ina zaune wurin ɗana Isa a Pleasant Garden, can ƙasar Turawa, inda ko gishiri za ka saya sai an tayar da mota. Tun da na zo, ruwan da na taɓa bai wuce na famfo ba. Isa ya san haka. Farkon bazarar nan ya jawo wani ɗan jirgi a bayan motarsa, irin mai doguwar sanda da farin ƙyalle wanda iska ke turawa. Wurin wani tsohon Bature ya saye shi a Sedgefield, wanda ciwon baya ya hana shi shiga ruwa.

Na shafa cikin jirgin na sa albarka, na tuna masa al'adarmu: jirgin da ya shigo gida, ba mai hawansa a ruwa sai babbar macen gidan ta fara shiga, da ƙoƙon kwarfar ruwa a hannu. Ya yi dariya. Da ya ga na ciro ƙoƙona da na zo da shi daga gida, sai dariyar ta tsaya.

Daga nan aka shiga neman wurin sakawa. Tafkin arewacin gari, wai iskarsa ba ta da tabbas. Wani kuma jirage masu inji sun yi yawa. Teku ta yi nisa. Kullum yana kan waya yana duba taswira, kullum sai ƙarshen mako mai zuwa. Zafi ya wuce, ganye ya yi ja ya fara zuba cikin jirgin. Gwiwoyina kuwa, matakalar da nake hawa bara, bana sai an riƙe ni.

Ran wata Asabar da hantsi na sa rigar nan mai ruwan goro da ke hana mutum nutsewa, a kan zanena. Na ɗauki ƙoƙo, na jawo kujerar kicin na taka, na shiga jirgin na zauna, a nan kan ciyawa. Maƙwabcinmu yana bisa injin yankan ciyawarsa, ya ɗaga mini hannu, na ɗaga masa.

Isa ya fito ba takalmi. Ya roƙe ni in sauko, mutane na kallo. Na ce su kalla, na ba shi tatsuniyar Iya tun daga farko, yana tsaye.

Ya ce, "Mama, wannan jirgin roba ne. Gara ba ta cinsa."

Na ce, "Na sani. Ni take ci."

Ya daɗe yana kallon ƙafafuna. Can ya ce in wani abu ya same ni a ruwa, me zai gaya wa 'yan'uwansa? Na ce ya gaya musu ni na ce. Ban sauko ba sai da ya ambaci wuri da rana: tafkin arewa, Asabar mai zuwa, ko da iska ko babu.

Ina yarinya na ɗauki mutumin tatsuniyar nan matsoraci, muna yi masa dariya. Sai da na ga idon Isa na gane akwai wanda mutumin yake ƙauna a gidansa, shi yake ta kewaye wa kada. Iya ba ta faɗi ko wane ne ba. Ko wane ne, da ya tashi ya yi magana.

Na ajiye ƙoƙon a bakin ƙofa, kusa da makullin mota.